Ajiyar Injiniya Bashar

Kowace Asabar da safe Sirajo kan yi wata tafiya da babu wanda ya san yana yin ta. Yakan fito daga gidansa a Southwest, cikin birnin Washington, ya shiga jirgin ƙasa ya ƙetare kogi zuwa Alexandria ta jihar Virginia, ya tsaya a bakin tasha hannu cikin aljihu kamar wanda ya tako daga bayan layi. Nan abokinsa Dalyop zai zo da motarsa ya ɗauke shi, su sake ƙetare kogin ta wata gadar zuwa Fort Washington ta jihar Maryland, gidan Dakta Abdussalam, inda suke kallon ƙwallon Ingila.

A Alexandria ya zauna da farko, shekara tara, ɗaki ɗaya a gidan wani ɗan Habasha, shi da matarsa Ɗija da 'yarsu Kausar. Duk shekarun nan sunansa na cikin jerin masu jiran gidan gwamnati. Shekara biyu ke nan da gidan ya fito: ɗaki biyu da falo, da na'urar ɗumama ɗaki wadda ba ta taɓa mutuwa ba. Kausar na da sikila, sanyi ne ke tayar mata da ciwo, kuma tun da suka koma sau ɗaya kacal aka kwantar da ita a asibiti. Amma Sirajo bai gaya wa abokan kallonsa ya tashi ba. Makon farko ya ce sai ya gama kimtsawa. Mako na biyu Dakta ya yi wata magana a kan mazauna irin waɗannan gidaje, aka yi dariya, shi ma ya yi. Daga nan bakinsa ya yi nauyi.

Ranar Alhamis Edna, manajar benensu, ta liƙa takarda a kowace ƙofa. Litinin ƙarfe takwas na safe za a zo kashe kuɗin cizo a dukan benen, ba da feshi ba, da iska mai zafi da za a hura cikin ɗakuna. Ma'aikatan za su buɗe kowane akwati da kowace jaka don zafin ya ratsa, abin da aka kulle a bar musu makulli. Sirajo ya karanta, ya tuna da jakar Injiniya Bashar, ya ce a ransa zai kira shi ya nemi izinin yanke ɗan kwaɗon da ke jikinta.

Juma'a uku da suka wuce Bashar ya ba shi jakar, a filin ajiye motoci na masallaci. Mahaifiyarsa ba lafiya a wani ƙauye bayan Gusau, zai tafi da iyalinsa mako shida, masu fenti kuma za su yi aiki a gidansa na Annandale ta Virginia. "Malam Sirajo, ga ajiya," ya ce. Sirajo ya karɓa da hannu biyu. Bai tambayi abin da ke ciki ba. Mahaifinsa tela ne a Funtuwa, matafiya sun sha barin kaya a shagonsa shekara da shekaru, bai taɓa kwance ƙullin wani ba, bai taɓa cewa mene ne ba. Tambayar kanta zargi ce. Kuma gaskiya Sirajo ya ji daɗi: cikin likitoci da injiniyoyi da 'yan jarida, shi mai gadin garejin motoci aka zaɓa. Ya rungumo jakar a jirgin ƙasa har gida, ya tura ta ƙarƙashin gadon Kausar, don nan ne kaɗai ke da wuri.

Wannan Asabar ta Fabrairu sanyi ya yi tsanani. Ɗakin ƙasan Dakta, inda talabijin ta cinye rabin bango, ya fi gidan Sirajo duka girma. Hajiya Rabi, matar gidan, ta riga ta sauko da ƙosai da fulas ɗin shayi. Nasir, ɗan Damagaram ta Nijar mai jefa Faransanci cikin magana, mai aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo, ya miƙe ƙafa a kan doguwar kujera.

"Ga 'yan wahala sun iso," in ji Dakta, wanda Chelsea yake goyon baya amma ba ya rasa wasan Arsenal, ƙungiyar su Sirajo da Dalyop. "Ku zauna. Na ajiye muku tishu."

"Dakta, ka bari a busa usur mana," in ji Dalyop. Mutumin Jos ne, ya yi soja shekara shida kafin ya koma aikin jinya, kuma Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Kano daɗi.

Aka fara wasa. Minti goma ba a yi komai ba sai buge-bugen baya, Dakta ya gaji ya jawo abin da ke cin sa.

"Jiya na je wajen mai cika mini takardun haraji. Wallahi daga Janairu zuwa Afrilu ba kaina nake yi wa aiki ba. Ni bawan gwamnati ne mai digiri."

"Bon, Dakta," in ji Nasir, "titin da ka bi ka je wajensa, kakanka ya shimfiɗa? A wurinmu ana karɓar lanho ba ka ganin komai. Nan ana karɓa kana gani da idonka, kuma kana kuka."

"Lanho! Ka ce haraji, malam, ba a Zinder muke ba. Titi ban ƙi ba. Makaranta ban ƙi ba. Amma ƙato lafiyayye ya kwanta a gidan da ni na biya, wuta kyauta, ɗumi kyauta, ni ina tiyata ƙarfe biyar na asuba shi yana minshari? Ka bi ta Southwest da rana tsaka ka gani, suna zaune a matakala kamar an shanya su."

"Wasu aikin dare suke yi," in ji Dalyop, idonsa a kan wasa. "Kai! Ba shi ƙwallon mana! Wannan yaron da ƙafar hagu biyu aka haife shi."

"Aikin dare! Ka tambayi Malam Sirajo. Awa goma yake yi a ƙarƙashin ƙasa yana shaƙar hayaƙin motoci, ya taɓa zuwa ya ce gwamnati ta ba shi ɗaki? Malam Sirajo, ka taɓa?"

Sirajo ya cika bakinsa da ƙosai, ya yi wani motsi da kai wanda ba i ba ne ba a'a ba. Allah ya taimake shi, daidai lokacin aka jefa wa Arsenal ƙwallo a raga. Dakta ya miƙe yana rawa da kwalin tishu a hannu, Dalyop ya zagi 'yan baya ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa da koci.

Da aka tafi hutun rabin lokaci Nasir ya juya tasha don ya ga labarai. Majalisa ake nunawa, ana gardama a kan dokar bindiga. Wata biyu ke nan da wani ya shiga makarantar firamare a arewacin ƙasar ya harbe yara, kuma tun daga ranar ba a daina maganar ba.

"Su yi ta surutu," in ji Dakta. "Ɓarawo ba ya zuwa rajista. Mutumin kirki kawai za a ɗaure wa hannu. Dalyop, kai ka faɗa. Da ƙauyenku na da bindiga ranar da aka shigo, da abin ya kai haka?"

Dalyop ya ajiye kofinsa. "Muna da ita, Dakta. Su ma suna da ita. Shi ya sa muka binne mutum arba'in, su ma suka binne nasu. Nan kuma kowane mako sai an turo mini yaro ɗan sha bakwai a kan gado da rami a ciki. Ni na riƙe bindiga, na san nauyinta. Kai a fim ka san ta."

"Voilà," in ji Nasir. "Kai da kake ta yabonta, ina taka?"

"Hajiya ta hana. Kuma Maryland takardunsu sun yi yawa. Amma Injiniya Bashar na da ita, a Virginia ai kamar sayen burodi ne. Na gan ta da idona, 'yar ƙarama, cikin akwatin ƙarfe mai lambobi. Da zai tafi gida ma ni ya fara kawo wa, wai ba ya son barinta ga masu fenti. Ya sa akwatin a baƙar jakarsa, har da ɗan kwaɗo. Na ce Injiniya rufa mini asiri, ƙetare kogi da wannan abu ba wasa ba ne. Ya ce to, zai nemi wani a can Virginia."

Sirajo ya daina kurɓar shayinsa. Ya tuna nauyin jakar, yadda wani abu mai kusurwa ya riƙa dokar cinyarsa a jirgi. Ya tuna Kausar a kwance a kanta kwana ashirin da biyu.

"Idan a cikin Washington aka sami mutum da ita fa?" ya ce. Muryarsa ta fito siririya.

"Ba rajista? Ankwa," in ji Nasir. "Na yi rahoto a kai makon jiya. Washington ba Virginia ba ce, kogi ne tsakani amma duniya biyu ce. In a gidan gwamnati ne ma ba sai an jira kotu ba, yana cikin yarjejeniyar da ka sa wa hannu. Kaya waje."

Sirajo ya ce zai kama ruwa. Ya kulle ƙofar banɗaki, ya kira lambar Bashar ta Najeriya sau huɗu. Sau huɗu wata mata ta gaya masa ba a samun mai lambar. Ya zauna a bakin bahon wanka.

Ya so ya ɗora wa Bashar laifin, ya kasa ɗora masa duka. Bashar bai yi ƙarya ba. Ya ce ajiya, ajiya ce. Ya nemi mutumin Virginia, ya ba wanda ya ce masa a Virginia yake. Ƙaryar Sirajo ce ta ɗauki bindigar ta ƙetare kogi da ita. Yanzu saura kwana biyu. In ya bar ta, ranar Litinin ma'aikata za su buɗe jaka su ga akwatin ƙarfe, su kira Edna, Edna ta nemi makulli. In ya ɓoye ta, a ina? Ba shi da mota, ba shi da kowa a benen da zai jefa cikin wannan masifa. In ya sake ɗaukar ta a jirgi, yanzu da ya san ko mece ce, fuskarsa kaɗai za ta tona shi. Ya ga Kausar a wani ɗakin haya mai tagar da iska ke shigowa, tana naɗe tana kukan ciwon ƙafafunta. Shekara tara suka jira. Ba za a sake sa sunansu a jerin ba.

Daga waje ya ji ihun Dalyop. An dawo wasa.

Ya fito ya zauna, ya kalli 'yan wasa suna gudu bai gane wa ke cin wa ba. Minti ashirin yana buɗe baki yana rufewa. Can aka kayar da ɗan Arsenal a gaban raga, alƙalin wasa ya nuna fenareti, Dalyop ya durƙusa a kan kafet. Sirajo ya miƙe ya tsaya a gaban talabijin.

"Malam Sirajo, kauce mana! Fenareti ne!"

"Jakar Bashar tana wurina."

"To sai me?" in ji Dakta, yana leƙe ta gefensa. "Alexandria ai Virginia ce, ba ka da matsala. Matsa!"

"Ba a Alexandria nake ba. Na tashi shekara biyu ke nan. Southwest nake, gidan gwamnati. Ranar Litinin za su buɗe kowace jaka a benen."

Nasir ne ya ɗauki rimot ya kashe sautin. Babu wanda ya ga yadda aka yi da fenaretin.

"To ni da nake ɗaukar ka a tasha kullum..." in ji Dalyop.

"Jirgi nake shiga in zo in jira ka."

Dalyop ya dafe kai. Dakta ya kalli kwalin tishun da ke hannunsa, ya ajiye shi a hankali. "Malam Sirajo, ai ba irinku nake nufi ba."

"Irinmu ne, Dakta. Maƙwabcina direban bas ne. Amma ba wannan ya dame ni yanzu ba. Ku gaya mini yadda zan yi. Don Allah. Yarinyar nan ba za ta iya wani sanyin ba."

Dakta ya fara magana da sauri, kamar mai son biyan wani abu. "Abu mai sauƙi. A sa a but ɗin mota, a hau gada, minti goma sha biyar an shiga Virginia. Wa zai tare ku?"

"Baƙaƙe biyu a tsohuwar mota mai fitila ɗaya?" in ji Nasir. "Ni sau uku aka tare ni a kan gadar nan, da katin aikina a wuya. Ku saurara. Akwai doka: in ka kai ta kwamisariya da kanka, caji ofis nake nufi, ba harsashi a ciki, a naɗe, ka ce miƙawa ka zo yi, ba za su kama ka ba. Ko sunanka ba dole ba ne. Amma ta tafi ke nan. Narkar da ita suke yi."

"Kayan mutum?" in ji Dakta. "Amana fa aka ba shi! Mutum na can yana jinyar uwarsa, ya dawo a ce an kai kayansa an narke? Da wane ido za a kalle shi a masallaci?"

"To in kawo nan, Dakta?" in ji Sirajo. "Gidanka babba ne."

A talabijin mutane na tsalle ba sauti.

"Ka san lasisina..." in ji Dakta. "Kuma Hajiya..."

"Na sani."

Dalyop ya ɗauki makullin motarsa. "Tashi mu je. Ni zan ɗauke ta, ni kaɗai, in kai gidana. A Virginia nake, da gaske kuma."

A hanya ba su yi magana ba sai kwatance. Sirajo na ta juya tayin a ransa. In Dalyop ya ɗauka, amana ta tsira, gida ya tsira, kuma wataƙila babu abin da zai faru. Wataƙila. Amma in an tare shi, mutumin da ya kwana yana karatu shekara huɗu kafin ya sami takardar jinya zai rasa ta saboda kunyar wani. Ya kalli hannun Dalyop a kan sitiyari. Shin akwai bambanci tsakanin abin da Bashar ya yi masa da abin da shi zai yi wa Dalyop? Akwai: Dalyop ya san abin da ke ciki. Amma sanin bai rage hatsarin ba, sai dai ya sauƙaƙa wa Sirajo barci.

Ɗija ta buɗe ƙofa da ludayi a hannu, ta ga baƙo, ta ja mayafi. "Sannu da zuwa. Baban Kausar, ba ka ce da baƙo za ka zo ba."

"Tura Kausar wajen Martina tukuna."

Kausar, mai shekara goma sha ɗaya, ta tambaya da Turanci ko laifi ta yi. Uwarta ta amsa da Hausa cewa ta sa rigar sanyi ta tafi. Da ƙofar maƙwabciyar ta rufe, Sirajo ya jawo jakar daga ƙarƙashin gado ya gaya wa Ɗija komai a tsaye.

Ba ta ɗaga murya ba. "Ƙarƙashin gadon 'yata."

"Ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba."

"Ba a tambaya, Ɗija."

"A Funtuwa ba a tambaya. Nan ko wasiƙa za ka aika sai sun tambaye ka abin da ke ciki." Ta juya wajen Dalyop. "Kai kuma za ka ɗauka? Kana da 'ya'ya nawa?"

"Uku, Maman Kausar."

"To."

Wayar Sirajo ta yi ƙara. Lambar Najeriya ce. Ya ɗaga, ya sa a amsa-kuwwa.

"Salamu alaikum, Injiniya. Ya mai jiki? Ya Hajiya Mubaraka da yara?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Yanzu na shigo gari na ga kiranka har huɗu. Lafiya?"

Sirajo ya faɗa masa. Layin na yankewa yana dawowa, sai da ya maimaita sunan unguwar sau biyu.

"Southwest? Ka ce mini Alexandria kake!"

"Na ce."

"Inna lillahi. To kai ka jefa kanka, malam. Ni da na sani da ban ba ka ba."

"Ni ne. Amma da ka ce mini bindiga ce, da na faɗa maka gaskiya a wurin."

"Yanzu dai ka ba Dalyop ya kai Virginia, shi ke nan."

"In aka tare shi aikinsa ya tafi."

"Ba za a tare shi ba!"

"Ba ka sani ba, Injiniya. Ni ma ban sani ba. Caji ofis zan kai ta. Ka ba ni lambar akwatin a cire harsashi."

"Ka kai me? Sunana ne a jikin takardunta! Su zo suna tambayata yadda aka yi ta shiga Washington? Ni da ke aikin kwangilar gwamnati? Malam Sirajo, amana na ba ka. Amana! Cikin mutanen nan duka kai na zaɓa, don na ce kai mai tsoron Allah ne."

Maganar ta shige shi. Ɗija ta matso kusa da wayar.

"Injiniya, ina wuni. Ya jikin Mama? Allah ya ba ta lafiya. Ɗija ce. Jakarka kwana ashirin da biyu tana ƙarƙashin Kausar. Yau za ta fita daga gidan nan. In ka ba da lamba, a buɗe. In ba ka bayar ba, su fasa da kansu."

Layin ya mutu. Ko Bashar ne ya kashe ko sabis ne, ba su sani ba.

"Har yanzu ina nan a kan maganata," in ji Dalyop. "Minti ashirin ne."

"Na gode. Ba zan iya ba." Sirajo ya ɗauko filaya daga kicin ya kama ɗan kwaɗon. Sai ya tsaya. A ransa yana ganin mahaifinsa a bakin keken ɗinki, da ƙullin kayan wani Buzu da ya shekara bakwai a saman kanta. Ya ce bismillah, ya matse. Kwaɗon ya karye kamar ba komai ba.

A ciki akwai tawul biyu da akwatin ƙarfe. Suna tsaye a kansa saƙo ya shigo daga Bashar: lambobi huɗu, sannan, "Ku cire sarƙar Mubaraka da takardun gida."

Dalyop ne ya buɗe. Ya fitar da sarƙar zinariya a cikin safa, da ambulan mai kauri, ya miƙa wa Ɗija. Sannan ya ɗauki bindigar, bakinta na kallon ƙasa, ya zare, ya ja, ya leƙa ciki. Ba komai. Harsasan na cikin kwalinsu daban. Ya naɗe kowanne da tawul, ya ɗaure da salatif, ya mayar da su cikin akwatin.

"Ka saurare ni da kyau," ya ce. "In ka shiga, ka ajiye a ƙasa kafin ka yi magana. Hannunka a buɗe, inda za su gani. Kada ka taɓa aljihu ko da wayarka na ƙara. Kada ka yi sauri, kada ka yi dariya."

Caji ofis bai kai tafiyar minti goma ba. Dalyop ya ce zai kai shi, Sirajo ya ƙi, ya ce ya bi shi a baya daga nesa in yana so, amma akwatin ba zai shiga motarsa ba. Ya sa shi a ledar cefane ya sauka. A matakalar bene direban bas na zaune yana shan rana, ya ɗaga masa hannu. Sirajo ya amsa da kai.

Bai taɓa jin titin nan ya yi tsawo haka ba. Yana tafe yana maimaita jumlar Turancin da zai faɗa, tana watsewa yana sake haɗa ta. Motar 'yan sanda ta wuce a hankali, ya ji gumi na bin bayansa cikin wannan sanyi. Ya yi tunanin in aka tsayar da shi nan, taku ɗari kafin ƙofa, wa zai yarda miƙawa zai je yi? Ya ci gaba da tafiya don tsayawa ta fi muni.

A ciki wata 'yar sanda ce a bayan gilashi, tana cin wani abu a takarda. Ya ajiye ledar a ƙasa, ya ja da baya taku biyu, ya buɗe tafukansa. Jumlar ta fito a karkace amma ta fito. Matar ta daina tauna. Ta ce kada ya motsa, ta yi magana a na'urar kafaɗarta. Maza biyu suka fito, ɗaya ya tsaya kusa da shi, ɗaya ya ɗauki ledar ya shige da ita. Aka lalube shi. Aka ce ya zauna a benci.

Ya zauna minti arba'in yana kallon agogon bango. Ya karanta duk addu'ar da ya haddace, ya sake daga farko. Daga ƙarshe wanda ya shiga da ledar ya dawo da takarda a hannu, ya tambaye shi ko yana son ya faɗi sunansa da adireshinsa. Sirajo ya ce a'a. Mutumin ya dube shi na ɗan lokaci, ya rubuta wani abu, ya ce zai iya tafiya.

Dalyop na tsaye a tsallaken titi. Sirajo ya ƙetare, ya zauna a gefen hanya. Dalyop ya zauna kusa da shi.

Ranar Litinin ƙarfe takwas ma'aikata suka jawo manyan bututu ta tagogi. Edna ta bi ƙofa ƙofa da allonta. Ta tambayi Sirajo ko akwai wani abu a kulle, ya ce babu. Wani ma'aikaci ya zuge baƙar jakar, ya ga ba komai, ya jefa ta kan gado. Edna ta yi alama a takardarta ta wuce ƙofa ta gaba. Sarƙar da ambulan na cikin jakar hannun Ɗija.

Ƙarfe huɗu aka ce su dawo. Sirajo ya ɗauko Kausar daga makaranta, suka tarar da gidan kamar gidan burodi, bango da kujeru duk sun ɗauki zafi. Wayarsa ta yi motsi a aljihu. Bashar ne: "Ka ba Dakta sauran kayan ya ajiye. Kada ka kawo da kanka." Ya karanta sau biyu, ya kife wayar a kan tebur.

"Buɗe tagogin nan, Baban Kausar, za mu dahu," in ji Ɗija.

Kausar ta riga ta yar da rigar sanyinta, ta miƙe a kan doguwar kujera, ta manna ƙafafunta a jikin matashi mai ɗumi. Ta ce da Turanci don Allah a bari tukuna, ko minti biyar. Sirajo ya sauke hannunsa daga tagar, ya je ya kulle ƙofar gidan.